Ciwon da Ke Ɓacewa a Ƙofar Asibiti

Kawuna ɗan kasuwar doya ne a Minna. Tun yana saurayi yake shiga ƙauyukan Shiroro da Munya da Paikoro, yana sari ƙwarya-ƙwarya a hannun manoman Gbagyi, ya loda mota ya kawo gari, ko ya tura Kano da Sakkwato. Ƙaƙƙarfan mutum ne, wanda a da ko zazzaɓin damina bai cika kwantar da shi ba. Sai ga shi ya kamu da wani ciwo da ya ɗaure wa kowa kai a dangi.

Ga yadda abin yake zuwa. Yana zaune lafiya lau, sai gabansa ya yanke ya faɗi. Ƙirji ya shiga dukan uku-uku, maƙoshi ya bushe, numfashi ya ƙi kaiwa ciki. Gumi ya keto masa, yatsun hannu da leɓɓa su yi minjirya, jiri ya kwashe shi. A wannan lokaci babu mai iya raba shi da yaƙinin cewa ajali ne ya zo. Kalmar shahada yake yi, yana lissafa wa matarsa, wadda muke kira Hajiya, bashin da ake bin sa da wanda yake bi. A tari Keke Napep a guje daga unguwarsu ta Kpakungu a nufi asibiti. Kafin a yanki kati, ciwon ya tafi. Kawu ya sauko da ƙafarsa, a galabaice, amma babu rauni, babu zafin jiki, babu abin da za a nuna wa likita.

Wane irin ciwo ne ke kai mutum bakin kabari cikin minti goma, ya kuma sake shi kafin rabin awa? Me ke kiran sa, me ke korar sa? Warware wannan ƙulli ya ɗauki iyalin lokaci da kuɗi masu yawa, kuma amsar ta zo ne gutsure-gutsure.

Taifot da maleriya

A garuruwanmu, duk ciwon da ba a gane kansa ba sunansa taifot da maleriya. Wani ɗakin gwaji na unguwa ya ɗebi jinin Kawu, takarda ta nuna taifot, aka rubuta allurai da ƙwayoyi da ƙarin ruwa. Ya shanye, ya ɗan ji dama, aka yi hamdala. Ba a jima ba abin ya dawo. Aka sake gwaji, aka sake ganin taifot, aka ce wancan maganin ne bai yi ƙarfi ba, aka sauya mai tsada.

Wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya ce ta fara tantama. Ta ce, “Kawu, tun da aka fara wannan abu, an taɓa sa maka ma'aunin zafin jiki ya nuna zazzaɓi?” Ba a taɓa ba. Ita kuwa taifot cuta ce ta zazzaɓi mai hawa yau da gobe, ya yi mako ko fiye yana ƙaruwa, da ciwon ciki da kasala mai kwantar da mutum. Ba ta zuwa da hantsi ta tafi kafin azahar. Shi kuma gwajin Widal, wanda wani likitan Faransa ya fito da shi tun 1896, sawun da garkuwar jiki ta bari yake gani, ba ƙwayar cutar kanta ba. Mutumin da ya girma inda taifot ta zama ruwan dare, ko ya taɓa yin ta shekarun baya, jininsa na iya nuna wannan sawu alhali lafiyarsa ƙalau. Da haka taifot ta fita daga zargi.

Zuciya da hawan jini

Hankali ya koma kan zuciya, kuma da hujja. Duk wanda ya haura shekara hamsin ya ce ƙirjinsa na ɗaurewa, wajibi ne a fara duba zuciyarsa, domin ciwon zuciya na gaske ba ya jira. A wani asibitin gwamnati aka maƙala masa wayoyin na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda. Zanen ya fito daidai. Aka auna jini da isowarsa, ya hau. Aka bar shi ya huta aka sake aunawa, ya sauko inda ya kamata. Aka duba suga, aka duba ƙarancin jini, aka duba ƙwayar maƙogwaron nan da kumburinta ke kawo maƙoƙo, domin idan aikinta ya yi yawa tana sa bugun zuciya da gumi da rawar hannu. Duk suka fito fes.

Likitan ya ce, “Alhaji, ba mu ga komai ba.”

Da nufin kwantar da hankali ya faɗa, amma maganar ta ƙara dagula Kawu. A fahimtarsa, ko dai cutar ta fi ƙarfin na'urarsu, ko kuma ba ta asibiti ba ce. Ranar ya biya kemis ya sayi na'urar auna hawan jini ta hannu, ya ajiye ta kusa da matashin kansa. Safe, rana, dare, yana cikin aunawa. Mai kemis ya haɗa masa da wata ƙaramar ƙwaya ta sa barci, ya ce in abin ya taso ya haɗiya.

Iska ko sammu

Tsofaffin gida suka ce dama sun faɗa: mutumin da ke ratsa daji, yana kwana a ƙauyuka, ga abokan hamayya a kasuwa, ai sai a nemi tsari. Aka kira wani malamin unguwa, dattijo mai tsoron Allah da ba ya karɓar ko sisi. Aka yi dace wata rana abin ya taso yana nan. Ya zauna kusa da Kawu, ya riƙe hannunsa, ya fara karatu a hankali, ya ce ya bi shi aya-aya. Ciwon ya lafa da sauri fiye da yadda aka saba gani.

Dangi suka ce an gano bakin zaren. Malamin ne da kansa ya ƙi yarda. Ya ce, “Alhaji, ban ga alamar shafar aljani a tare da kai ba. Abin da na gani mutum ne a tsorace. Za mu ci gaba da addu'a, amma addu'a ba ta hana neman magani. Ka koma wurin likita, ka faɗa masa abin da ba ka faɗa mana ba.”

Ran Kawu ya sosu. Shi da ke shiga inda wasu ba sa iya shiga za a ce yana tsoro? Amma dattijon ya bar mana alamu biyu: ciwon yana saurin sauka idan Kawu na bin karatu a natse, kuma akwai wani abu da ba a faɗa ba.

Littafin 'yarsa

Likitar da aka gani daga baya ta karanta dukkan takardun gwajin, ta ajiye su gefe, ta sauya tambaya. Maimakon ina ke ciwo, sai ta tambayi a ina yake duk lokacin da abin ya taso, me yake yi, me ya ci ko ya sha, me ya zo ransa daf da farawa. Kawu ya ce haka kawai yake zuwa. Ta ce to a riƙa rubutawa. 'Yarsa da ke karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta ware littafi, ta ja layuka, ta shiga rubuta kowane tashin ciwo.

Da shafuka suka taru, sai abin da ake kira “haka kawai” ya fara nuna tsari. Ya taso a masallacin Juma'a, ranar da Kawu ya sami kansa a tsakiyar sahu. Ranar da ya makara ya yi salla a bakin ƙofa, bai taso ba. Ya taso a Kasuwar Kure, cikin wani matsattsen layi da ya cika da jama'a. Ya taso a cikin Keke, lokacin da cunkoso ya tsayar da su a shataletalen Kpakungu. Ya taso da dare, jajibirin ranar tafiya sari. Bai taɓa tasowa ba yana lodin doya a fili, duk da cewa a nan ne zuciya ta fi yin aiki. Wannan ma alama ce cewa ba gazawar zuciya ba ce.

Layi na biyu na littafin ya nuna abin da yake ci da sha. Goro tun safe, shayi mai kauri a teburin mai shayi, sannan lemon gwangwani na ƙarin kuzari duk ranar da bai sami barci ba. Dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke ƙara saurin zuciya, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa na nan cikin jini. Layi na uku ya fi ban mamaki: sau da yawa ciwon ya taso ne jim kaɗan bayan ya auna jininsa da na'urar nan ta gefen matashi.

Yarinyar ta daɗe tana duban shafukan, sannan ta ce, “Baba, masallacin nan da kasuwar da Keken, abu ɗaya ya haɗa su. Duk wurare ne da mutum ba zai iya fita da sauri ba.”

Kawu bai ce uffan ba. Sai bayan sallar isha ya kira Hajiya da mu da ke kusa, ya buɗe abin da ya binne.

Abin da ya faru a hanya

Duk mutumin Neja ya san yadda 2021 ta kasance. Ranar 17 ga Fabrairu 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara suka kwashi ɗalibai 27 da malamai da iyalansu. A watan Afrilu Gwamna Abubakar Sani Bello ya shaida wa duniya cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, cikin ƙaramar hukumar Shiroro. Ranar 30 ga Mayu aka sace yara sama da 130 daga Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. Ƙauyuka suka watse, makarantun firamare suka koma sansanin 'yan gudun hijira.

A wannan shekara, Kawu na dawowa da lodi, 'yan bindiga a kan babura suka tare hanya. Shi da direba suka dira daga mota, ya faɗa cikin wata gona ya kwanta rub da ciki tsakanin kunyoyin doya. Daga la'asar har duhu ya shiga yana nan, yana jin harbi, yana jin kukan waɗanda ake kora cikin daji, cikinsu har da mutumin da suka yi ciniki da safe. Babur ya wuce daf da inda yake. Ba dama ya tashi, ba dama ya yi tari. Da dare ya lallaɓa zuwa wani ƙauye. Da ya iso gida washegari, ce wa Hajiya ya yi mota ce ta lalace.

Ta ce, “Alhaji, shekarun nan duka kana ɗauke da wannan kai kaɗai?”

Ya ce, “Da na faɗa miki, da kin hana ni fita, kuma daga hanyar nan muke ci. Namiji ba ya kawo tsoro gida.”

Yanzu an san dalilin da ya sa wurin da babu mafita yake tayar masa da hankali. Amma sabon ƙulli ya ɓullo. Abin ya faru a 2021, ciwon kuwa bai fara ba sai bayan shekaru, kuma tsakanin nan yana tafiye-tafiyensa. Me ya jinkirta shi?

Da likitar ta bi diddigi, sai ta gano cewa shekarun nan ba na lafiya ba ne. Tun daga ranar barcinsa ya zama rabi da rabi, ƙarar babur cikin dare tana tashin sa. Manoman da yake sari a hannunsu da yawa sun bar gonakinsu, doya ta yi wuyar samu. A farkon 2023 canjin kuɗi ya kawo ƙarancin takardun naira, cinikin ƙauye kuwa na kuɗi hannu ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya cinye riba. Ƙuncin ya kai matsayin da ranar 5 ga Fabrairu 2024 mata da matasa suka tare hanyar Bida a nan Kpakungu saboda tsadar abinci. Da dare kuma Kawu na riƙe da waya yana kallon bidiyon hare-hare da ake turowa ta WhatsApp.

Zullumi ya zame masa abokin kwana da tashi. In an sace ni, wa zai biya fansa? In jarin ya ƙare, yaran fa? Wannan doguwar damuwa ita ce ta kawo ciwon wuya da kafaɗa da yake ɗora wa lodi, da zafin cikin da yake kira olsa, da saurin fushin da yara suka fara gudun sa a kai. Jikinsa ya daɗe a ɗaure. Farmakin firgicin da ake kai shi asibiti dominsa, ƙololuwar abin da ya jima yana taruwa ne.

Ranar da aka kira ciwon ya amsa

Har yanzu Kawu bai gamsu ba. Ya ce, “Likita, na yarda akwai damuwa. Amma ta yaya tunani zai kashe min yatsu?”

Ta ce, “Alhaji, zan roƙe ka abu ɗaya. Zuciyarka mun duba ta, lafiyarta ƙalau, kuma ga ni tare da kai. Ka buɗe baki ka yi ta numfashi da sauri da ƙarfi, har sai na ce ka tsaya.”

Bai yi nisa ba jiri ya fara, yatsu suka yi minjirya, leɓɓa suka mutu, ƙirji ya ɗauki duka. Ya zaro ido ya ce, “Ga shi nan! Wallahi shi ne!” Sai ta sa shi ya rufe baki, ya ja iska ta hanci a hankali, ya sake ta a hankali fiye da yadda ya ja. Cikin 'yan mintoci komai ya koma daidai. Ciwon da aka yi ta nema a jini da fitsari, an kira shi ya amsa a gaban likita, an kuma sallame shi ya tafi. Gwaji ne da ake yi a ɗakin likita kawai, bayan an tabbatar da lafiyar zuciya da huhu.

Bayanin kuwa ga shi. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa hango haɗari tun kafin mutum ya yi tunani. Da ya ga barazana sai ya aika saƙo, wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara sauri don kai jini ga cinyoyi da damatsa, numfashi ya ƙaru, gumi ya fito, ciki ya dakatar da narkar da abinci, baki ya bushe. Wani masani a Amurka mai suna Walter Cannon ya bayyana wannan shiri na faɗa ko gudu tun 1915. Rahama ce daga Allah, ita ce ta fitar da Kawu daga mota ta kai shi gona kafin ya san ya yi tsalle.

Matsalar tana zuwa ne idan shirin ya tashi mutum yana zaune. Numfashi mai sauri ba tare da gudu ba yana fitar da iskar kabon dayoksaid daga jini fiye da kima. Idan ta ragu, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, jiri ya zo. Jijiyoyin hannu da baki su rikice, minjirya ta zo. Mutum ya ji kamar iska ba ta isar sa, ya ƙara ja, abin ya ƙaru.

Daga nan sauran tambayoyin suka warware. Ciwon yana ɓacewa a ƙofar asibiti ne saboda irin wannan farmaki yana kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti goma, sannan jiki ya share adirenalin ɗin da kansa. Kafin Keke ya ratsa gari, wa'adinsa ya cika, ga kuma natsuwar ganin an iso wurin taimako. Karatun malam ya taimaka ne ta fuska biyu a lokaci guda: ambaton Allah da hannun da ya riƙe shi sun kwantar da zuciya, bin doguwar aya a natse kuma ya daidaita numfashi.

Ƙulli na ƙarshe

Saura guda. Me ya sa wani lokaci abin ke tasowa yana kan gadonsa, babu cunkoso, babu tafiya gobe? Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Macijin Kawu ya sare shi a gonar doya, kuma da farko tsummansa shi ne matsattsen wuri. Amma bayan farmakin farko da ya ɗauka mutuwa ce, tsumman ya koma cikin ƙirjinsa. Goro ya ɗan ƙara bugun zuciya, ko na'ura ta nuna lamba ta ɗan hau, sai ransa ya ce masa ga shi nan ya dawo. Wannan tunani ya zubo adirenalin, adirenalin ya ƙara bugun, bugun ya gaskata tunanin. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, David Clark, ya fayyace wannan zagaye a 1986: mutum ya ji motsin jiki na yau da kullum, ya fassara shi da halaka. Na'urar da Kawu ya saya don samun kwanciyar hankali ta zama ɗaya daga masu kunna wutar.

Gujewa ma tana ciyar da ciwon. Ya daina shiga tsakiyar sahu, sannan ya daina zuwa babban masallaci. Ya daina shiga kasuwa, ya koma aiken yaro, jari ya yi ta zurarewa. Ɗaurin aure da jana'iza suka gagare shi, 'yan'uwa suka fara cewa ya yanke zumunci. Duk wurin da ya guje wa, sai ya ji sauƙi nan take, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka gudun ne ya cece shi, gobe ta ƙara masa wani wurin.

Tambayar da ya fi jin nauyin yi ita ce ta ƙarshe. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Likita, haukacewa zan yi?” Ta ce a'a, wannan ciwo ba ya kai mutum ga hauka, sanannen abu ne kuma yana da magani.

Sananne ne ƙwarai, kuma tsoho. Wani malami mai suna Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ware babi kan tsoro da firgici a littafinsa Masalih al-Abdan wal-Anfus, inda ya ɗauki lafiyar rai a matsayin abin da ake yi wa magani kamar lafiyar jiki. A 1871 likita Jacob Da Costa ya rubuta bayanin ɗaruruwan sojojin yaƙin basasar Amurka masu fama da bugun zuciya da sarƙewar numfashi ba tare da an ga lahani a zuciyarsu ba. A 1960 likita Raymond Prince ya bayyana ɗaliban Najeriya da ke kukan zafin kai da jin abu na yawo a jiki da kasa riƙe karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da lalurar fargaba, mata sun fi maza yawa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Cikin addu'o'in da aka ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Abin da aka koya wa muminai neman tsari daga gare shi, ba shaidar raunin imani ba ne.

Hanyar komawa

Maganin ya bi sawun dalilan ɗaya bayan ɗaya. Aka rage goro da shayi sannu a hankali, aka bar lemon gwangwani. Na'urar awo ta koma hannun Hajiya, ba a fito da ita sai ranar da likita ta ƙayyade. Waya ta daina kwana a ɗaki. Kullum yana koyon numfashin hanci mai tsawo tun yana cikin natsuwa, don ya same shi a hannu ranar buƙata. Ƙwayar barcin kemis, wadda aka gano dangin diyazefam ce, aka janye ta a hankali, domin irinta tana kashe wutar nan take amma cikin 'yan makonni jiki ya saba da ita har ya kasa rabuwa. Aka ɗora shi a kan wani magani na kullum, irin waɗanda ke aiki ta sinadarin serotonin, aka gaya masa sai ya yi makonni kafin ya ga amfaninsa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya.

Mafi wuya shi ne komawa wuraren da ya gudu. Ya fara da sahun ƙarshe, sannan na gabansa. Sharaɗin shi ne, in bugun ya taso kada ya fita, ya tsaya har ya sauka da kansa. Duk tsayuwa ɗaya tana koya wa ƙwaƙwalwa abin da lallashi ba zai koya mata ba. Likitar ba ta taɓa ce masa hanya ta yi lafiya ba. Ta raba masa abu biyu: gudun hanyar da 'yan bindiga ke tarewa hankali ne, gudun sahun masallaci ciwo ne. Yau yana sarinsa a kasuwannin kusa irin na Paiko. Gaban yana faɗuwa jefi-jefi, amma ya san sunan abin, ya san iyakarsa, ba ya kuma barin wasiyya a kansa.

Kawu ya ci sa'a da ya haɗu da malamin da ya faɗi gaskiya da likitar da ta sami lokacin tambaya. Mutane da yawa ba su da wannan gata. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'umma sama da miliyan 200, kuma manyan asibitocinsu irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato sun yi wa talakan Neja nisa. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, amma amfaninta ba zai kai ga jama'a ba sai ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa ya iya gane wannan lalura, kamar yadda yake gane maleriya.

A Minna yau akwai dubban mutanen Shiroro da Munya da Rafi da suka baro gidajensu da gudu. Akwai iyayen da suka yi watanni suna jiran 'ya'yansu daga daji, da direbobi, da ɗalibai, da matan da ke lissafin mudun masara tun asuba. Da yawansu za su zo da kukan ƙirji da jiri da olsa, suna riƙe da takardar taifot. Haƙƙinsu ne a duba jikinsu tsaf, domin wani cikinsu ciwon zuciya ne da shi na gaske. Idan gwaji ya fito fes, kada a sallame su da “ba mu ga komai ba”. A tambaye su abin da suka gani da abin da ke hana su barci, a kuma ba su lokacin amsawa.